Sabuwar Fankar Injiniya Is'haƙa

A Sabon Birni, in ka ji an ce Injiniya, kada ka waiga neman wanda ya gina gada. Is'haƙa ake nufi, mai rumfar cajin waya a bakin tasha. Ba kowa ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya gyara tocilan ɗin ladan ta hanyar juya batir. Tun daga ranar ba ya fita sai da jar sukudireba a aljihun gaba, inda sauran mutane ke saka biro.

Abu biyu aka san shi da su, baki da leda. Bakin ba sai na yi bayani ba, za ku ji shi da kanku. Leda kuwa, kowa a garin nan yana son barin sabon abu cikin ledarsa na ɗan lokaci, ko don maƙwabta su san an yi sabo, amma Is'haƙa ya mai da abin aƙida. Katifarsa shekara huɗu tana cikin leda, in ya juya a kanta sai gidan baya sun ji. Rediyonsa ta cikin leda yake murɗa shi. Babur ɗinsa kuwa, da ya saya shekara biyu da suka wuce, kujerar tana naɗe da leda mai kauri irin wadda ba a ganin abin da ke ciki, kuma duk inda ta fara yagewa sai ya ɗora wata a kai.

"Abu ba shi tsuhwa sai ran da anka cire mai leda," haka yake cewa. "Babur ɗin ga, ko yau na kai shi kasuwa, sabo na."

A shekarar da aka yanke layin waya a yankin saboda 'yan bindiga, sana'ar caji ta kwanta. Wa zai kawo cajin wayar da ba ta kira? Is'haƙa ya wayi gari ba shi da aiki sai zama a bencin Wada mai shayi yana gyara duniya da baki. Wada sa'arsa ne, tare suka yi makarantar allo, don haka shi kaɗai ne ba ya raga masa.

Jikin rumfar Is'haƙa akwai shagon Lawwali mai ɗaukar bidiyon biki da suna da walima. Kwamfuta ɗaya gare shi, irin ta tebur, mai baƙin akwati, tana aiki da sola. A cikinta akwai wata 'yar fanka da ke zaune a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kwashe mata zafi. Fankar tana da ƙara kamar keken ɗinki, amma shekara biyar ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ran wata Talata da yamma Lawwali ya zo bencin Wada da makulli a hannu.

"Injiniya, gobe da sassahe za ni Sakkwato kai tsohuwa asibitin ido. Ga aikin Inna Hajjo nan na gama haɗawa, saura kwamfuta ta hidda shi. Ka kunna, ka danna inda na nuna maka, minti arba'in ta gama. Ka zuba cikin memorin ga ka ba ta. Motar Ibrahima ta Maraɗi ƙarhe uku take tashi."

"Minti arba'in?" in ji Is'haƙa. "Kwamfuta ta ko jaki?"

"Ko mi ta, tana kai ni inda za ni. Don Allah kada ka taɓa komi bayan wanga."

Is'haƙa ya karɓi makulli ya ce ba komai. Wada ya dubi Lawwali, ya dubi makullin, ya ci gaba da kaɗa madara.

Inna Hajjo mutuniyar Gatawa ce, shekararta sittin da uku. Da gudun hijira ya kawo su Sabon Birni, mijinta Malam Nasiruddeen ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, babban ɗansu ya ɗauke shi zuwa Maraɗi. Ita ta tsaya gidan 'yarta don ta ƙarasa Islamiyyar matan aure, domin shekara bakwai ke nan tana fama da Alƙur'ani, kuma Malam ɗin ne ya fara kama mata baƙi, yana tsokanarta cewa sai jikokinta sun riga ta sauka. Jikokin sun riga ta ɗin, amma ita ma ta sauke. An yi walima, ta yi karatu gaban jama'a, Lawwali ya ɗauka. Sai saƙo ya zo daga Maraɗi cewa jikin Malam ya ƙara rauni, kuma ba abin da yake tambaya sai karatun Hajjo. Ba layin da za a tura, mota sau ɗaya take zuwa a mako, kuma ba direban da ke yarda yamma ta same shi a wannan hanya.

Is'haƙa ya san duk wannan, kuma ba mugu ba ne. Abin da ya hana shi sakat shi ne wani kwali da ke ƙarƙashin gadonsa. Watanni da suka wuce wani ɗan kasuwa da ya fito daga Nijar ya yi masa musayarsa da tsohon inbata na wutar sola. Sabuwar fankar furosesa ce, ƙatuwa, girmanta ya kai burodin iyali, da bututun jan ƙarfe huɗu da fitila shuɗiya. Matsalarta ɗaya, Is'haƙa ba shi da kwamfutar da zai saka wa. Yanzu ga kwamfuta Allah ya kawo har da makulli.

Lissafinsa ya tafi daidai. Zai cire keken ɗinkin nan ya ɗora tasa, aikin minti arba'in ya koma goma. Lawwali ya dawo ya tarar da jirgi a shago, a sauke allon ƙofa a sake rubutawa, Lawwali da Injiniya Is'haƙa, ko ma a fara da Injiniyan. Daga nan mutanen garin Isa su fara kawo kwamfutocinsu, sai na Shinkafi, sai na Maraɗi. Har ya fara tunanin inda motocin baƙi za su riƙa tsayawa.

Ƙarfe tara na safe ya buɗe shago, ya kwantar da akwatin kwamfuta a tebur, ya kwance murfin gefe. Wada ya zo ya tsaya bakin ƙofa da buta a hannu.

"Ba cewa anka yi kada ka taɓa komi ba?"

"An ce wa wanda bai sani ba. Matsa ka ba ni haske."

Ya kwance tsohuwar fanka ya ɗaga. A ƙarƙashinta, da kuma saman furosesa, akwai wani irin mai, toka-toka, da ya bushe. Is'haƙa ya yi tsaki ya goge da bakin riga.

"Dibi ƙazanta. Shekara biyar ba wanki, ta ina za ta yi gudu?"

Ya fito da sabuwar daga kwali yana juya ta a hankali don masu wucewa su gani. A gindinta, daidai inda ƙarfe zai zauna kan furosesa, akwai wata 'yar leda manne, mai jan rubutu, da ɗan kunne a gefe na kamawa. A cikin kwalin kuma ga wata 'yar sirinji cike da irin man nan toka-toka, a like cikin tata ledar, ga takarda a ninke.

"Wagga ba cire ta aka yi ba?" Wada ya nuna da bakin buta.

"Kai dai ɗan ƙauye na. Ita ce shaidar asali. Ka san mi anka rubuta nan?"

"Ba Turancinmu ba na."

"Faransanci na. Cewa sunka yi, kaya na asali, kada a taɓa, wanda ya cire ya ɓata."

"Yaushe ka koyi Faransanci?"

"Ran da kake koyon kaɗa ƙwai."

Ya ɗora fankar da ledarta, ya ɗaure ƙusoshi huɗu har sai da suka yi kuka. Sirinjin ya jefa aljihu, don bai ga dalilin fasa sabon abu ba, balle ya shafa wa sabuwar fanka irin dattin da ya gama gogewa. Takardar ya mai da kwali. Da ya kunna, fitila shuɗiya ta haska, fanka ta fara juyawa shiru kamar ba ta nan. Mutum uku da suka taru suka ce masha Allah.

Daidai nan Inna Hajjo ta yi sallama, da jakar tafiya a ka da mafici a hannu. Ta riga ta yi bankwana da gida, ta ce gara ta jira a tasha.

"Ɗana, Lawwali ya ce gare ka zan amshi karatuna."

"Inna, zauna. Kahin Wada ya haɗa maki shayi an gama. Da wajen Lawwali na, sai ki yi minti arba'in."

Ya danna inda aka nuna masa. A allon kwamfuta wani ɗan layi ya fito wanda zai cika in aiki ya ƙare, a ƙarƙashinsa kuma lokacin da ya rage. Da farko ya rubuta minti talatin da takwas. Is'haƙa ya waiwayo ya dubi jama'a. Kafin ya mai da kansa ya koma awa ɗaya da minti goma. Fankar nan mai shiru ta fara gurnani. Ya koma awa biyu da rabi, ya ɗan tsaya kamar yana shawara, sannan ya rubuta awa shida.

"Mi ta ce?" in ji Inna Hajjo.

"Tana ɗumama jiki na, Inna. Ko babur sabo sai an ja shi a hankali."

"Awa shida ta ce," in ji Wada. "Lamba dai ba Faransanci ba ta."

Is'haƙa bai karaya ba. Ya ɗaga kai ya dubi rufi ya ce wuta ce ba ta isa, sabuwar fanka ba ta cin ɗan abinci. Ya ari tsani, ya hau kwano da bokitin ruwa don wanke sola. Ya wanke ta fes. Wajen saukowa ƙafarsa ta zame, bokiti ya riga shi ƙasa, ya sauka daidai kan tiren burodin Wada. Shi kuma ya rungumi tsani suka gangaro tare, wandonsa ya tsage daga gwiwa zuwa idon sawu. Ya miƙe ya karkaɗe jiki ya ce dama ta nan ya yi niyyar saukowa. Da ya shiga shago, allon ya ce awa bakwai.

"To, na gano," ya ce. "Cuta ta. Memorin ga da anka kawo, shi ad da cuta."

Inna Hajjo ta ajiye kofin shayi.

"Karatun Alƙur'anin nawa ad da cuta?"

"A'a Inna, ba karatun ba. Wata irin cuta ta, ta na'ura."

"Shekara bakwai ina karatun ga, ban taɓa ji ya sa wa kowa ko mura ba."

"Kuma memorin shina cikin kwalinshi bisa tebur," in ji Wada. "Ba ka ko saka shi ba. Ta iska cutar ta bi?"

Aka yi dariya. Yanzu mutane sun kai goma sha, domin tun da aka yanke layi ba abin kallo a waya, duk inda aka ji motsi nan ake taruwa. 'Yan kabu-kabu suka kashe babura, mai gyaran takalmi ya jawo akwatinsa kusa. Wani ya ce a mai da tsohuwar fanka mana. Is'haƙa ya dube shi da tausayi, ya ce wanda ya sauka daga jirgi ba ya komawa kan amalanke don jirgi ya yi tari.

Wajen sha ɗaya da rabi wani ɗan rubutu ja ya fito a gefen allo da lamba ɗari a jikinsa. Wannan kam Is'haƙa ya gane shi, zafi ne.

"Zahin kaka na, ba wani abu ba. Fankar ga don ƙasar Turawa anka yi ta, ba ta saba da rana tamu ba. Yanzu za ni koya mata."

Duk wanda ya taɓa bin motar kasuwa ya san yadda ake sanyaya ruwa a nan, a ɗinke jarka da buhun algarara a jiƙa shi a rataya inda iska ke bugawa. Is'haƙa ya mai da murfi, ya samo buhu biyu wajen masu gero, ya jiƙa, ya matse, ya naɗe akwatin kwamfuta ruf har ƙofofin iska, ya ɗaure da roba. Ya ja da baya yana murmushi.

"Su Turawa sun yi nasu, mu ma mun yi namu."

Minti huɗu aka yi. Gurnanin fanka ya koma kuka, shago ya cika da warin jiƙaƙƙen gero, sai allon ya yi ɗif. Ɗan layin da ya sha wahala ya kai kashi tara ya tafi da shi.

"Ta gama?" Inna Hajjo ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ta ɗan huta na, Inna."

"Ta suma dai," in ji Wada.

Aka kwance buhu, aka sake kunnawa, aka fara daga farko. Wannan karon Is'haƙa ya bar gefe a buɗe, ya ɗauko tsohuwar fanka ya ɗaure ta da roba a saman sabuwar, ya ce biyu sun fi ɗaya, ko da yake tsohuwar ba ta jone da komai. Ya nemo ƙanƙara wajen mai lemo ya ajiye a faranti gaban akwatin. Sannan ya jera 'yan kabu-kabu uku da kwalaye suna fifita. Inna Hajjo ba ta jira an ce mata ba, ta matso da kujera ta sa maficinta, tana fifita tana motsa baki. Ganin tsohuwa tana yi wa akwati fifita ya sa dariyar mutane ta ragu. Allon ya sauko daga awa bakwai zuwa awa shida da minti hamsin.

"Kun gani?" in ji Is'haƙa. "Ta fara jin magana."

Aka kira azahar. A masallaci ya daɗe a sujada fiye da yadda ya saba, kuma ba gafara kaɗai yake nema ba. Da aka dawo ƙarfe biyu ta wuce, ƙanƙara ta narke ta bi ƙarƙashin tebur ta jiƙa jakar Inna Hajjo. Ta ɗaga jakar ta ɗora a cinya ba ta yi faɗa ba.

"Ɗana, hwaɗa mani gaskiya. In ba za a samu ba, in tahi hakanan. Sai dai ban san mi za ni ce mai ba. Kuma ban san ko shina jiran wani mako ba."

Maganar ta daki Is'haƙa, ya ji kunya ta gaske har cikin ƙashi. Amma baki ya riga ya saba, kafin zuciya ta yanke shawara ya yi gaba.

"Inna, fankar ga ba ta da laihi. Kowa ya zo ya taɓa ya ji." Ya kama hannun Wada ya ɗora kan ƙarafunan sabuwar fanka. "Mi ka ji?"

"Sanyi."

"Sanyi ƙalau. Ku shaida. Tsohuwar in ta yi aiki, ba ka iya aza yatsa. Wagga kuwa kamar randa."

Wada bai janye hannunsa ba. Ya dubi jan rubutun da ke cewa ɗari.

"Injiniya, ni ban san kwamfuta ba. Amma in na aza buta bisa wuta tun sahe, na taɓa na ji ta sanyi, ba ni yabon buta. Dubawa nike mi ya shiga tsakaninta da wuta."

"Shayi daban, kimiyya daban."

Hon ɗin mota ya katse su. Ibrahima direba ne, dogo, mutumin Maraɗi, ya ratso taro yana duba agogo.

"Inna, saura ke. Kowa ya shiga. Ƙarhe uku da minti ɗaya ko uwata ta, ba ni jira."

Ya ga buhu a ƙasa, ga faranti, ga manyan mutane uku suna fifita akwati, ya tambayi ko wani ne ba lafiya. Aka ba shi labari baki uku-uku. Idonsa ya faɗa kan kwalin fanka, ya ɗauka ya zaro takardar da ke ninke.

"Ah, bon. Wanga ai rubutunmu na."

"Na riga na karanta," in ji Is'haƙa da sauri, yana miƙa hannu.

"Bar shi ya maimaita muna," in ji Wada. "Mu ma mu ƙaru."

Ibrahima ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Nijar, har aji shida kafin ya kama mota, kuma yana jin daɗin a sani. Ya gyara murya.

"Na ɗaya. Kahin komi, a cire ledar da ke gindin fanka. Sun rubuta shi da manyan baƙaƙe, sun ja layi, sun zana hannu shina ɓarewa don wanda bai yi lakwal ba. Na biyu, a ɗiga man da ke cikin sirinji bisa furosesa, kamar ƙwayar wake. In ba a yi haka ba, zahi ba shi wucewa cikin fanka, na'ura ta rage gudu don kada ta ƙone." Ya ɗaga kai. "Ina ledar da kunka cire?"

Mai gyaran takalmi ya leƙa cikin akwati ya nuna ɗan jan kunnen da ke leƙowa daga ƙarƙashin ƙarfe.

"Wancan fa?"

"Shaidar asali ta," in ji Wada. "Injiniya ya karanta muna. Wanda ya cire ya ɓata."

"Faransancin naku na Maraɗi na," in ji Is'haƙa. "Ni na birnin Paris nike ji."

Dariyar da aka yi har masu awon gero sai da suka taso. Inna Hajjo kaɗai ba ta yi ba. Ta miƙe, ta zaro jar sukudireba daga aljihunsa, ta danƙa masa a hannu.

"Kwance."

Is'haƙa ya kashe kwamfuta ya kwance. Ledar ta yi laushi ta yamutse, amma jan rubutun yana nan. Ya kama kunnen ya tsaya, domin a rayuwarsa bai taɓa cire wa sabon abu leda da hannunsa ba. Inna Hajjo ta sa farce ta ɓare ta kamar ɓawon albasa. Aka tambayi sirinji, ya fito da ita daga aljihu a like yadda ta zo. Ibrahima na karantawa, Wada na riƙe da tocila, Is'haƙa ya ɗiga ƙwayar wake ya ɗaure ƙusoshi ba tare da ya ce komai ba, abin da ba a taɓa gani ba a tashar.

Aka kunna aka danna. Allon ya ce minti ashirin da takwas, kuma bai sake shawara ba. Wada ya taɓa fankar ya ce yanzu ta ɗumi. Sai dai agogo ya ce uku saura kwata.

"Ba ni iya jira," in ji Ibrahima. "Amma a shingen bakin gari ana sauke kaya a duba, muna kai minti ashirin. In kun same ni can, dakor, sai ta hau. In ba ku same ni ba, sai wani mako."

Ya ɗauki jakar Inna ya tafi. Mutum ashirin suka zuba ido suna kallon ɗan layi yana cika. Uku da minti goma sha uku ya cika. Aka zuba a memori, Inna Hajjo ta sa aka buɗe ta ga fuskarta ta ji muryarta, ta ƙulle shi a bakin zane ƙulli biyu. 'Yan kabu-kabu suka yi rige-rigen tada babura, amma Is'haƙa ya riga ya turo nasa.

"Ni na ɓata, ni za ni kai ta. Kuma duk tashar ga ba sabon babur sai nawa."

Babur ɗin tun safe yake cikin rana. Inna Hajjo ta ɗaga ƙafa ta hau, ledar ta ƙona ta, ta zame ta gangaro ta ɗaya gefen, sai da Wada ya tare ta. Ta sake hawa ta sake zamewa. Ta tsaya ta dubi kujerar, ta dubi Is'haƙa.

"Inna, don Allah, wagga kam..."

Ta sa hannu biyu. Leda ta fari ta tafi, ta biyu ta bi ta, ta uku, har ta kai ga mai kaurin nan da aka sayar masa da babur a cikinta, wadda shi kansa bai taɓa ganin bayanta ba. Ta yage ta tun daga gaba har baya.

Kujerar da ta bayyana ta sha duniya. Faci uku gare ta, an ɗinke tsakiyarta da zaren buhu, soso na leƙowa ta gefe. A bayanta kuma ga tsohuwar sitika ta ƙungiyar 'yan kabu-kabun Isa, lamba arba'in da bakwai. Ɗaya daga cikin masu fifita ya sunkuya ya duba da kyau.

"Wallahi na san babur ɗin ga. Na Ɗanmusa na. Shekara shida ya yi shina ɗaukar awaki da shi zuwa Kurawa."

Inna Hajjo ta hau ta zauna daram.

"Yanzu na ji wurin zama. Ja mu tahi."

Sun iske mota ana ɗaure buhu na ƙarshe. Ibrahima ya buɗe mata gaba. Kafin ta shiga ta taɓa ƙullin zanenta, ta ce wa Is'haƙa Allah ya yi albarka, Allah kuma ya rage baki. Ya ce amin ga duka biyun.

Bayan mako ɗaya Ibrahima ya dawo da labari. Malam Nasiruddeen ya kalli karatun sau bakwai a ranar farko. Ya ce ta ja wani wuri ya yi tsawo, ta ce ita ma ta sani, sannan ya juya fuska jikin bango ya yi kuka, ita kuma ta zauna ta karanta masa da baki. Mutanen benci kowa ya ji daɗi. Lawwali, wanda ya karɓe makullinsa tun ranar da ya dawo daga Sakkwato, ya ce alhamdu lillahi.

Is'haƙa ya gyara zama.

"To, ku dai hwaɗi gaskiya. Minti arba'in ta koma ashirin da takwas. Wa ya kawo fankar?"

Wada bai yi musu ba. Ya zuba ruwan zafi a kofi ya ajiye gabansa, ya jefa ƙullin sukari da na madara da na ganyen shayi a ciki, kowanne a ɗaure cikin ledarsa, suna yawo a saman ruwa.

"Sha, Injiniya. Ban buɗe ba, kada su tsuhwa."